Mutumin Bagadaza da ya yi wata 15 a Sabon Ibadan

Duk lokacin da aka taɓa 'yan Arewa a Kudu, ko aka taɓa 'yan Kudu a Arewa, shafukan nan sukan cika da magana iri ɗaya. Mun gani a Fabrairun 2021 da aka ƙona kasuwar Shasha a Ibadan, har ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Mun sake gani a Maris ɗin 2025 da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano yin sallah. Kafin waɗannan, a Yunin 2017, nan cikin garin Kaduna, a Arewa House, wasu matasa sun ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin 1 ga Oktoba su tattara su bar Arewa. Sharhin da ke biyo baya ba ya canzawa: wai ƙiyayya ce tun kaka da kakanni, wai a cikin jini take, wai ba za mu taɓa zama inuwa ɗaya ba.

Akwai wani mutum da ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan tambaya ta baƙo da ɗan gari, kuma aikinsa mafi shahara a kan Hausawa ya yi shi. Sunansa Abner Cohen. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo, amma ina ganin mu mutanen Kaduna mun fi kowa buƙatar jin labarinsa.

An haifi Cohen a Bagadaza a 1921, cikin dangin Yahudawan Iraƙi, waɗanda suka yi sama da shekara dubu biyu a ƙasar kuma Larabci ne harshensu na gida. Yana da shekara ashirin ko ƙasa da haka kaɗan, a Yunin 1941, aka yi kwana biyu ana kashe Yahudawa ana wawashe shagunansu a birnin. Shekara goma bayan nan kusan duk al'ummar ta bar Iraƙi, mutum wajen dubu 120 tsakanin 1950 da 1951. Shi ma Isra'ila ya koma, daga can ya wuce Ingila karatu. Wato kafin ya buɗe littafi kan baƙunta, ya riga ya san yadda mutum ke wayar gari a garin da aka binne kakanninsa a ce masa baƙo ne.

A jami'ar Manchesta ya yi karatu a hannun Max Gluckman, wani malami ɗan Afirka ta Kudu, a fannin nazarin al'umma da al'adunta. Sana'ar masu wannan fanni ita ce su je su zauna cikin mutane wata da watanni, su ci abincinsu, su ƙirga gidajensu, su ji rigimarsu, sannan su rubuta. Almajiran Gluckman sun yi fice wajen nazarin 'yan ci-rani a garuruwan haƙar tagulla na ƙasar da yanzu ake kira Zambiya. A lokacin Turawa da dama sun ɗauka ƙabilanci kaya ne da baƙauye ke ɗaurowa daga gida, idan ya daɗe a birni zai sauke. Cohen ya fara gwada wannan zance a ƙauyukan Larabawa da suka faɗa cikin iyakar Isra'ila, aikin da ya fito littafi a 1965. Abin da ya tarar shi ne tsarin dangi, wanda ya fara sakwarkwacewa kafin 1948, ya dawo da ƙarfi a ƙarƙashin sabuwar gwamnati, saboda ta hannun shugabannin dangi ake neman ƙuri'a da izini da aiki. Tun daga nan ya fara zargin cewa "tsohuwar al'ada" sau da yawa sabon aiki take yi.

A 1962 ya sauka Ibadan, ko Badun kamar yadda iyayenmu ke cewa, ya zauna da mutanen unguwar Sabo har kusan ƙarshen 1963. Ya ƙirga su gida-gida, ya samu Hausawa dubu huɗu da ɗoriya. Unguwar kanta an yanka ta ne a 1916, a gefen Mokola, aka ce Hausawan da ke warwatse cikin gari su koma can ƙarƙashin sarkinsu. Cikin dalilan da aka bayar har da ƙorafin 'yan gari cewa ɓarayi na fakewa cikin baƙi. Kun ga ke nan wannan zargi ya haura shekara ɗari, ba yau aka fara ba.

Abin da ya ɗaure wa Cohen kai shi ne, Hausawan Sabo sun fi Hausawan Arewa nuna Hausanci. Mutum an haife shi a Ibadan, yana jin Yarbanci, amma riga da hula da harshe da aure duk na gida, kuma ba ya ba Bayarabe 'yarsa ko da Musulmi ne. Maimakon ya ce ai haka Bahaushe yake da riƙon al'ada, sai ya bi kuɗin. Nan ne daɗin littafin yake.

Sana'a biyu ke riƙe da Sabo: shanu daga Arewa zuwa kurmi, goro daga kurmi zuwa Arewa. Dukansu ba sa jira. Saniya da ta shigo kurmi ƙudan tsando zai cije ta, sammore ya kama ta, cikin 'yan makonni ta rame ta mutu a hannun mai ita. Goro kuwa in ba a iya ɗaurin huhu da canjin ganye ba, kafin ya isa Kano ya lalace. Bafatake ya iso garin da ba ya jin harshensu, da dukiyar da ke narkewa a hannunsa, ga mahautan Yarbawa ba su da tsabar kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar. Cohen ya rubuta cewa shanu kusan dubu 75 ake sayarwa a kasuwar Ibadan kowace shekara, galibi bashi, kuma a kowane lokaci akwai bashin kusan fam dubu ɗari a waje. Ba takarda, ba sa hannu, ba banki, ba kotu.

To me ya riƙe wannan dukiya? Mai gida. Shi ke sauke baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, sannan ya tsaya masa lamuni: in mahauci ya gudu da bashi, mai gida zai biya daga aljihunsa. Dillali kuwa aikinsa ya san kowane mahauci, shanu nawa yake iya sayarwa, wa yake bi, wa ke bin sa. Mahaucin da ya ci bashi ya ƙi biya, labari zai zaga, ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi. Mai gidan da ya ci amanar baƙo shi ma labari zai riga shi isa Arewa, fatake su koma gidan wani. Ga Sarkin Sabo yana yanke hukunci in an saɓa. Wannan duka ba ya yiwuwa sai mutane na jin harshe ɗaya, suna bin malamai ɗaya, suna auren juna, kuma kowa na tsoron a fitar da shi daga cikin jama'a. Ƙabila a nan ita ce bankin, ita ce inshorar, ita ce kotun. Kuma muddin Bayarabe ba zai iya shiga wannan da'ira ba, ba zai iya ƙwace fataucin ba. An yi ta gwadawa, musamman a harkar goro, inda 'yan kasuwar Yarbawa suka yi ta kai ƙorafi gaban hukuma cewa baƙi sun kankane abin da ƙasarsu ke nomawa.

Sai 1952 ta zo. Kafin nan Bature ne ke tsare wa Sabo iyakarta, domin mulkinsa ya ginu kan a ware kowace ƙabila da sarkinta. Da aka soma shirin mulkin kai, Jihar Yamma ta sake tsarin ƙananan hukumomi, sarautar Sabo ta rasa goyon bayan doka. Jam'iyyu suka shigo, Action Group da NCNC, kowa na neman ƙuri'ar mutum ɗaiɗai. Ga kuma Yarbawa Musulmi sun yi yawa, suna cewa tunda alƙibla ɗaya muke kallo, mene ne na ware unguwa da kasuwa? Katangar da ta tsare sana'ar ta fara zubewa ta kowane gefe.

A daidai wannan ɗan tsakani, cikin shekara biyu, galibin mazajen Sabo suka shiga ɗarikar Tijjaniyya, kuma a 1952 suka daina zuwa babban masallacin Juma'a na Ibadan, suka tsayar da tasu Juma'ar a cikin unguwa. Yanzu kowane magidanci yana da muƙaddamin da ya ba shi wuridi, kowace yamma ana haɗuwa wazifa, malamai kuma suna da alaƙa ta kusa da masu gidaje. Abin da dokar Bature ke yi a da, sai zaman masallaci ya ɗauka. Littafin da ya tattara wannan, Custom and Politics in Urban Africa, ya fito a 1969, kuma har yau ana karantar da shi a jami'o'in duniya. Hujjarsa a taƙaice: idan mutane suna da abin da suke karewa, kuma ba su da damar kafa ƙungiya a hukumance, sai su ɗauko harshe da addini da aure su yi ƙungiyar da su. Kalmar da masana tarihi ke amfani da ita yau kan al'ummomin fatake da ke warwatse a ƙasashen wasu, daga wata maƙalarsa ta 1971 ta yaɗu.

A nan ina da ja da shi. Dattijon da ya karɓi wuridi a Sabo a 1951 bai yi don tsare kasuwar kara ba, ya yi ne don neman kusanci da Ubangijinsa. Kuma a shekarun nan failar Shehu Ibrahim Inyass tana yaɗuwa a Kano da sauran garuruwan Arewa, inda babu wani mahaucin Bayarabe da ake tsoro. In ka ce wa mutum ibadarsa dabarar kasuwa ce, ka zage shi. Amma don adalci, Cohen bai ce munafunci suke yi ba. A littafinsa na 1974, Two-Dimensional Man, ya nace cewa al'ada da addini suna da nasu ƙarfin, kuma don mutane sun yi imani da su da gaske ne ma suke iya ɗaure su wuri ɗaya. Abin da za a yi wasa da shi ba ya riƙe bashin fam dubu ɗari.

Bayan Najeriya ya tafi Saliyo a 1970, ya yi nazarin Kiriyo na Freetown, jikokin bayin da aka 'yanta. Ba su kai kashi biyu cikin ɗari na ƙasar ba, amma su ne alƙalai da likitoci da manyan ma'aikatan gwamnati. Ya nuna yadda aure a tsakaninsu, da bukukuwan tunawa da mamata, da ƙungiyar asiri ta Firimeson ke haɗa kansu, har a gama magana a wajen walima kafin fayil ya iso ofis. Duk wanda ya yi aikin gwamnati shekara goma a ƙasar nan zai karanta wannan littafi yana murmushi, ban ce komai ba.

Aikinsa na ƙarshe a Landan ya yi shi, inda ya daɗe yana koyarwa a makarantar nazarin Gabas da Afirka, wato SOAS. Bayan yaƙin duniya na biyu Ingila ta buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata na tsibiran Karibiyan su zo su yi aikin bas da jirgin ƙasa da asibiti. Da yawa suka sauka a unguwar Notting Hill, a ruɓaɓɓun gidajen haya. A 1958 matasan Turawa suka yi kwanaki suna farautar su a titi, a 1959 aka kashe wani kafinta mai suna Kelso Cochrane. Daga wannan unguwa bikin kanibal ya fito titi a tsakiyar shekarun 1960. Cohen ya bi bikin shekara da shekaru, ya ga yadda yake canza fuska. Da farko taron talakawan unguwa ne, fari da baƙi, masu fama da mugayen masu gidan haya. A farkon shekarun 1970 ya koma hannun 'yan Tirinidad da gangunansu na ƙarfe. Da rashin aiki ya yi wa yaran da aka haifa a Ingila katutu, 'yan sanda kuma suka matsa musu da kame, sai bikin ya zama fagen arangama, kamar yadda aka yi a 1976. Biki ɗaya, amma abin da yake nufi yana bin halin da baƙi ke ciki. Littafin, Masquerade Politics, ya fito a 1993. Cohen ya rasu a 2001. Da ya kai Agustan 2024, da ya ga matasa a garuruwan Ingila suna kai hari otal-otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka. 'Yan'uwanmu masu shirin japa su lura, can ma akwai ɗan gari da baƙo.

Yanzu mu dawo gida. Kaduna gari ne na baƙi tun asalinsa. In ka cire Gbagyi da aka tarar, kowa zuwa ya yi: sojan Lugga, lebura da ma'aikacin reluwe, akawun gwamnati bayan an dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917. Wannan ɓangaren namu na kudancin kogi kuwa masana'antu ne suka cika shi. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, ga kamfanin makamai na DICON, ga Peugeot a 1975, ga matatar mai a 1980. Bajju da Atyap da Ham, Tibi da Idoma da Igala, Bahaushe da Banufe da Bayarabe, duk ƙofa ɗaya suke shiga in jiniya ta yi kuka. Kuma suna da abin da mutanen Sabo ba su da shi: ƙungiya a hukumance. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna kuma Adams Oshiomhole ya daɗe yana sakatarenta, ita ke yi wa mutum faɗan albashi da sallama, ba ta tambayar garinsu. Ba na cewa lokacin aljanna ce. Amma wanda ya tashi a Kakuri ko Makera a shekarun nan ya san gidan haya mai ɗaki goma da ƙabila shida a ciki ba abin mamaki ba ne.

KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, sauran ma suka bi. Da ma'aunin Cohen, tambayar ita ce: mutumin da ya rasa masaƙa da ƙungiya, wa zai tsaya masa? Wa zai samo wa ɗansa gurbin aiki, ya ba shi rumfa a kasuwa, ya karɓo shi daga ofishin 'yan sanda, ya kai gawarsa gida? Amsar muna ganin ta kowace Lahadi da yamma a tarurrukan ƙungiyoyin ci gaban gari, muna ganin ta a coci da masallaci. Ba laifi ba ne, mutane rayuwa suke nema. Sai dai duk wanda ya riƙe maka wuya a ranar wahala, shi zai gaya maka wa za ka zaɓa, wani lokaci har wa za ka ƙi.

Ku duba kuma inda wutar ke tashi. Zangon Kataf a Fabrairun 1992 kan mayar da kasuwa wani wuri aka fara, kuma sunan garin kansa ya gaya maka zangon fatake ne a tsakiyar ƙasar Atyap, irin tsarin da Cohen ya bayyana. Ketu a Legas a Nuwamban 1999 kan shugabancin kasuwa ne. Shasha kasuwa ce. Shagamu, inda aka yi ta'asa a Yulin 1999 har aka rama a Kano, cibiyar goro ce tun zamanin da yake bincikensa. Ba kowace rigima ce ta kasuwa ba, amma in aka ce maka faɗan ƙabila ne, yana da kyau ka tambaya wa ke karɓar kuɗin rumfa, wa ke rabon fili, kujerar wa ke rawa.

Inda nake ganin ma'aunin nasa bai kai ba shi ne abin da ya same mu daga 21 ga Fabrairun 2000. Rikicin shari'a ya ci sama da mutum dubu ko a ƙidayar hukuma, aka sake a Mayu, aka sake a Nuwamban 2002, aka sake a Afrilun 2011. Iyalin da suka bar Rigasa ko Tudun Wada suka koma Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora, da waɗanda suka bar Television da Narayi suka haye arewacin kogi, ba wata riba suke karewa ba. Wasu musayar gida suka yi, wasu suka sayar a wulaƙance. Tsoro ne ya kore su, kuma tsoro ba ya buƙatar dillali. Mutanen Sabo sun ware kansu don su ci gaba da ciniki da Yarbawa kullum safiya. Mu mun rabu ne har yaro ya gama sakandare a Narayi bai taɓa zama aji ɗaya da Musulmi ba, takwaransa na Rigasa bai taɓa shiga gidan Kirista ba, ana kiran ɓangare ɗaya Makka ɗaya Kudus ana dariya. Amma ko a nan, bayan ƙura ta lafa, tambayar Cohen ta dawo. Kuɗin fili ya tashi a unguwannin da aka koma, an samu masu cin wannan. Akwatin zaɓe ya zama ana iya faɗin sakamakonsa tun kafin a ƙirga, an samu masu cin wannan ma. Mu kuwa ma'aikata kullum safe muna kan gada a cunkushe, mu yi aiki tebur ɗaya, la'asar kowa ya haye nasa gefen.

Akwai abu guda da ya bambanta mu da Sabo ta 1952, kuma a ofis nake ganinsa. Su hukuma ce ta janye hannunta daga ƙabila, suka nemi wata hanya. Mu hukuma ce ke riƙe da ita. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalinta, bai faɗi yadda ake zama ɗan asali a sarari ba, aka bar wa shugabannin ƙananan hukumomi su raba takarda. Gwamnatin El-Rufa'i ta ce ta soke bambancin ɗan asali da baƙo a jihar nan, ta kawo katin shaidar zama. Amma ikonta bai wuce iyakar jiha ba. Yaron da aka haifa a Kakuri, ubansa ya yi shekara talatin a masaƙa, in zai shiga soja ko ɗan sanda ko aikin tarayya, sai ya hau mota zuwa Otukpo ko Offa ko Daura ya karɓo takardar garin da bai taɓa kwana bakwai a jere a cikinsa ba. Jikan mai gidan shanun da Cohen ya zauna da shi a Sabo, shi ma in ya zo cike wannan fom ɗin, Kano ko Katsina za a ce ya je ya nemo.